Kabari a bayan haikali: tarihin Yimin da allolin Hakka na Xinpu

A ƙauyen Fangliao, cikin gundumar Xinpu ta yankin Hsinchu a arewa maso yammacin Taiwan, akwai wani haikali da ake kira Baozhong Yimin. Wanda ya shige shi da zaton zai tarar da ƙaton gunki zaune a tsakiya, allon katako zai gani mai rubutun ruwan zinariya, da kaskon turare a gabansa, da baƙaƙen tutoci. Waɗanda ake bauta wa suna bayan ginin, kwance cikin manyan kaburbura biyu na bai-ɗaya. Manoma ne 'yan ƙabilar Hakka da suka mutu a yaƙe-yaƙe biyu, na farkon fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Su ake kira Yimin. Kabarin aka fara yi, daga baya aka ɗora haikali a gabansa, don haka mai son fahimtar wurin daga baya ya kamata ya faro.

Na rubuta wannan ne saboda ɗaliban tarihi da na nazarin al'umma da ke Samaru, da 'yan kasuwarmu na Sabon Gari da Tudun Wada masu zirga-zirgar Guangzhou, waɗanda ba za su rasa cuɗanya da Hakka ba ko da ba su san su da sunan ba. Bayani ne na abin da mutanen suka yi imani da shi. Duk inda na ce abin bauta ko alloli, a wurinsu nake nufi.

Hakka reshe ne na Sinawan Han, da harshensu na kansu. Tarihin da suke bayarwa shi ne kakanninsu sun taso daga filayen tsakiyar Sin suna gudun yaƙe-yaƙe, zango bayan zango cikin ɗaruruwan shekaru, har suka tare a duwatsun da lardunan Guangdong da Fujian da Jiangxi suka haɗa iyaka. Birnin Meizhou da ke Guangdong shi ake ɗauka cibiyarsu. Sunan kansa baƙi yake nufi. Wanda ya zo a makare kuwa ba ya samun fadama, sai tudu da gindin dutse, kuma kullum yana cikin tsama da 'yan ƙasa. Manyan gidajen ƙasa masu da'ira na Fujian, masu kaurin bango da ƙofa ɗaya, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008, da yawansu Hakka ne suka gina don tsaro.

Daular Qing ta Manchu, mai mulkin Sin a lokacin, ta kama Taiwan a 1683. Masu ƙaura suka yi ta tsallakowa kashi uku: mutanen Quanzhou, mutanen Zhangzhou (dukansu daga Fujian, harshensu ɗaya), sai mutanen Guangdong waɗanda akasarinsu Hakka ne. Gwamnati ba ta da ƙarfi a tsibirin, rigimar gona da ta magudanar ruwa ba ta ƙarewa, har akwai zancen da ake yi a lokacin cewa duk shekara uku ƙaramin tawaye, duk shekara biyar babba. A irin wannan hali kowane ƙauye shi ke tsaron kansa. In tawaye ya tashi, gwamnati takan ba 'yan sa-kai da suka tsaya mata laƙabin yimin, wato talakawa masu biyayya. Tun a tawayen Zhu Yigui na 1721 Hakkan kudancin tsibirin suka shirya kansu runduna shida, abin da ya ba yankinsu sunan Liudui har yau.

Yaƙin da ya haifi haikalin

Tsakanin ƙarshen 1786 da farkon 1787 wani mutumin Zhangzhou mai suna Lin Shuangwen, jagora a ƙungiyar asiri ta Tiandihui, ya ɗaga tutar tawaye a tsakiyar Taiwan. Cikin ɗan lokaci ya ci Changhua, mutanensa suka hau arewa suka kama Zhuqian, wato birnin Hsinchu na yanzu. Ƙauyukan Hakka da ke gabashin birnin suka ga wuta ta iso gemunsu. Manyansu, irin su Lin Xiankun da Liu Chaozhen da Chen Ziyun, suka tara samari suka yi runduna, suka taimaka aka ƙwato Zhuqian. A ƙarshen 1787 babban kwamandan Qing, Fukang'an, ya sauka a tashar Lukang da sojoji daga babban yankin Sin. Farkon 1788 aka kama Lin Shuangwen, aka kai shi Beijing aka kashe. Sarki Qianlong na Qing ya lissafa wannan cikin manyan yaƙe-yaƙensa goma da yake alfahari da su.

Hakka sama da 200 suka mutu. Da ƙura ta lafa aka bi filaye ana tsintar ƙasusuwansu, aka loda a amalanken shanu da niyyar kai su wani wuri can gaba a binne. Labarin da masu haikalin ke bayarwa shi ne da aka iso Fangliao shanun suka toge, duka da ja ba su motsa ba. Aka yi ƙuri'a, ta nuna matattun nan suke so. Chen Ziyun, wanda masani ne na fengshui, ya duba wurin ya ce kwanciyarsa ta bijimi mai barci ce, wuri mai albarka. Fengshui daban yake da bugun ƙasa irin na 'yan dubanmu: duba tsarin tudu da ruwa da iska ne don zaɓen inda za a kafa gida ko kabari. Ƙa'idarsa ta farko tudu a baya, ruwa a gaba, kuma haka wurin yake, tudu ya tokare bayansa, kogin Fengshan na gudana a gabansa. Iyalin Dai masu filin suka ba da shi kyauta.

Mai nazari ya lura da wani abu a nan. Labarin dabbar da ta ƙi tafiya, ko gunkin da ya yi nauyi aka kasa ɗagawa, yana maimaituwa a tarihin kafuwar haikalai da dama na Taiwan. Amfaninsa a fili yake: in ƙauyuka da yawa suna da gawa a cikin amalanke, kowa zai so a binne kusa da shi, amma in aka ce matattun ne suka zaɓa, gardama ta ƙare.

Sarki ya saka wa waɗanda suka taimake shi da kalmomi biyu-biyu na yabo, kowane rukuni da nasa. Mutanen Guangdong suka sami Baozhong, yabon biyayya, aka sassaƙa a allo, shi ne sunan haikalin. Mutanen Quanzhou sun sami nasu, na Zhangzhou da ba su bi tawayen ba sun sami nasu, haka ma 'yan asalin tsibirin da suka yi yaƙi. An fara gini a 1788, aka gama a 1790. A 1862 tawayen Dai Chaochun ya tashi, Hakka suka sake fita, sama da 100 suka mutu, aka yi musu kabari na biyu a gefen na farko. A 1895, shekarar da Qing ta miƙa wa Japan tsibirin, haikalin ya ƙone a yaƙin mamaya. Ƙauyukan suka yi karo-karo, aka fara sabon gini a 1899, aka kammala bayan 'yan shekaru.

Alloli ne ko fatalwa

A addinin gargajiyar Sinawa, halittun ɓoye kashi uku ne. Akwai alloli, masu muƙami da iko kamar hakimai. Akwai kakanni, matattun gida da zuriyarsu ke ciyarwa. Akwai kuma fatalwa, matattun da ba su da mai tuna su, ko waɗanda suka yi mummunar mutuwa, masu yawo da yunwa. Kowane kashi da yadda ake yi masa. Takardar kuɗi da ake ƙonawa ma ta bambanta: mai ɗigon zinariya ta alloli ce, mai azurfa ta matattu. Wanda ya ƙona wa abin bauta ta azurfa ya ƙasƙantar da shi, kuma tsofaffin wurin ba za su yi shiru ba.

To, Yimin a ina suka faɗa? Samari ne da suka mutu ta hanyar takobi, da yawansu ba aure ba ɗa, aka haɗa ƙasusuwansu rami ɗaya. Bisa ƙa'ida wannan siffar fatalwa ce, kuma Taiwan cike take da ƙananan ɗakunan bauta na ƙasusuwan da ba a san masu su ba, waɗanda ake lallaɓa don tsoro. Bikinsu ma a watan fatalwa yake faɗowa, wato watan bakwai na kalandar gargajiyar Sin. Shi ya sa wasu daga waje suke jera Yimin cikin wannan sahu, maganar da ke ɓata wa Hakka rai ƙwarai. Hujjarsu ita ce sarki ya yabe su da kansa, allonsu na ɗauke da kalmar naɗin sarauta, ana roƙonsu ruwa da lafiya da kariya kamar kowane abin bauta, ana kuma kiransu Yimin Ye, laƙabin girma irin na kaka.

A ganina amsar tana cikin kwanon abinci. Alloli akan kai musu nama uku a ɗungume, kaza guda da yankin naman alade da kifi, ba a yayyanka ba. Yimin kuwa akwai wata al'ada tasu da ake kira fengfan: shinkafa dafaffiya da miya da soye-soyen gida, a yayyanke, irin wanda iyali za su ci a ranar. Haka ake ciyar da ɗan gida. Ana zuba shi cikin kwanduna biyu, a rataya a sanda a saɓa a kafaɗa kamar yadda ɗan ga-ruwa ke ɗaukar garewaninsa, a kai gaban baƙar tuta. Gidaje ne ke karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan. Wato Hakka sun ɗaga su zuwa matsayin alloli amma ba su daina ɗaukarsu 'ya'yan gida da suka fita ba su dawo ba.

Baƙar tutar ita ce wakiliyarsu. An ce ta samo asali daga baƙin ƙyallen da mayaƙan suka yi alama da shi. Duk inda aka kafa ta, a gida ko a wani haikali, ana ɗauka Yimin suna wurin. Ba kowace baƙar tuta ba: sai wadda aka karɓo daga uwar haikali aka ratsa da ita ta hayaƙin babban kasko. Ana kuma mayar da ita lokaci-lokaci a sake ratsawa, don a wurinsu ƙarfinta na raguwa. Wasu rassan sun sassaƙa wa Yimin gumaka daga baya, amma asalin abin allo ne da tuta.

Sauran mazauna haikalin

Haikalin gargajiyar Sinawa ba ya zama na abin bauta ɗaya. Mai gida na tsakiya, sauran suna gefe. A Xinpu akwai Sarakunan Duwatsu Uku, da Shennong, da Guanyin, da mai kula da ƙasa, sai allunan tunawa da waɗanda suka ba da fili da dukiya. In ka jera su, ka jera damuwar manomin da ya yi ƙaura zuwa gindin dutse.

Sarakunan Duwatsu Uku, Sanshan Guowang, su suka fi tsawon tarihi. Duwatsu ne na gaske guda uku, Jin da Ming da Du, a Hepo cikin gundumar Jiexi ta gabashin Guangdong, inda uwar haikalinsu ta Lintian take. Riwayar ta ce sun fara bayyana a zamanin daular Sui. Ta ƙara da cewa Han Yu, babban marubucin daular Tang da aka kora zuwa Chaozhou a 819 saboda ya soki girmama wani ƙashi da aka ce na Buddha ne, ya roƙe su a tsayar da ruwan da ke lalata amfanin gona. Sannan Sarki Taizong na daular Song ya naɗa su sarakuna bisa cewa sun taimake shi a yaƙi. Ana sassaƙa su mutum uku 'yan'uwan rantsuwa, fuskokinsu launi daban-daban, na ukun baƙar fuska, shi ne mai zafin rai da ake kira in za a kori mugun abu. A Taiwan haikalansu sun yawaita a bakin daji da gindin tsaunuka, inda masu sharar gona ke arangama da zazzaɓi da kuma 'yan asalin tsibirin da ake cin ƙasarsu.

Ɗalibin da ya taɓa hawa Kufena ba zai sha wahalar gane wannan ba. Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna nuna yadda duwatsu irin Kufena da Turunku da Dala suka ja mazauna tun kafin Musulunci, saboda tsaro da ruwa da kuma imanin cewa iskoki na zaune a kansu. Bambancin shi ne a Sin gwamnati ta shigo cikin lamarin, ta ba iskan dutse takardar naɗi da muƙami, ta mai da shi ma'aikacinta. Sai dai a kiyayi kuskuren da ya yaɗu a rubuce-rubuce, cewa duk inda aka ga haikalin Sarakunan Duwatsu Uku to garin Hakka ne. Alloli ne na yankin Chaozhou baki ɗaya, masu harshen Chaozhou ma suna bauta musu, kuma akwai Hakkan da ba su taso da su ba sam.

Mai kula da ƙasa shi ya fi kowa ƙanƙantar muƙami, shi ya fi kowa kusa da mutane. Sauran Sinawa na ce masa Tudigong, Hakka na ce masa Bogong, sunan da ake kiran wan kaka da shi. Ba ya buƙatar gini. Dutse a gindin tsohuwar bishiya ya isa, a bakin gona, ko kan gada, ko inda ruwa ke shiga magudana. A Meinong da ke kudu ana yi masa tudun ƙasa mai kama da kabari, ba rufi. Shi ake gaya wa in za a yi shuka, in saniya ta ɓata, in yaro zai yi tafiya. Kusa da shi a aiki akwai macijin almara na ƙasa, Longshen, wanda gidajen kakanni da haikalan Hakka ke ajiye wa ɗan gurbi a ƙasa, ƙarƙashin babban teburin bauta, da ƙaramin kaskonsa. Baƙo ba ya lura da shi sai ya sunkuya.

Shennong na noma ne da magani, an ce shi ya koya wa mutane shuka, ya ɗanɗana ganyaye don tantance magani da guba. Akan sassaƙa shi da ganye a kafaɗa da ƙugu, da zangarniya a hannu. Guanyin daga addinin Buddha aka aro ta, mai jinƙai, mata suka fi zuwa wurinta neman haihuwa da lafiyar yara. Ita ba a kai mata nama, sai furanni da 'ya'yan itace da shayi. Zamanta a nan bai mai da wurin haikalin Buddha ba. Kwamitin mutanen gari ne ke tafiyar da shi, malaman addinin Buddha ko na addinin Dao hayarsu ake yi in biki ya zo.

Yadda mai bauta ke zagayawa

Ƙofa uku ce a gaba. In ka fuskanci ginin, ta hannun damanka ita ce ƙofar maciji, ta nan ake shiga. Ta hagu ita ce ƙofar damisa, ta nan ake fita. Ta tsakiya ta alloli ce. Dokin ƙofa yana da tsawo, tsallake shi ake yi, taka shi rashin ladabi ne. Mai bauta zai ajiye kayan hadayarsa a tebur, ya kunna tsinken turare, adadin mara, ɗaya ko uku. Da farko zai juya wa haikalin baya ya fuskanci sarari, ya gai da Sarkin Sama, shugaban allolinsu, sannan ya shigo wurin mai gida, sannan na gefe bi da bi, ƙarshe ya zagaya kabari. A kowane wuri yakan faɗi sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa kafin buƙata, kamar mai shigar da takarda ofis. Ba a hura wutar tsinken da baki, fifita ta ake yi da hannu. Gwaiba da tumatir ba sa hawa tebur a wurin mutane da yawa, saboda 'ya'yansu na fita daga cikin mutum su tsira. Naman sa ma ba a saba kai shi ba, don manoma na ganin girman dabbar da ke musu huɗa.

Amsa kuwa da wasu katakai biyu ake nemanta, masu siffar jinjirin wata, galibi ja, kowanne gefe ɗaya shafaffe ɗaya mai tozo. A riƙe su, a yi tambaya, a sake su ƙasa. Ɗaya a kife ɗaya a rigingine, an amince. Duka biyun tozo a sama, an ƙi. Duka biyun shafaffen gefe a sama, abin bautar dariya yake, wato tambayar ba ta fito ba ko mai tambayar ya riga ya san amsa. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne haɗa tambaya biyu a jifa ɗaya, ko tambayar da ba e ko a'a ba. A babban al'amari sai an sami amincewa sau uku a jere. Mai lissafi zai ga cewa jifa ɗaya kusan rabi da rabi ne, uku a jere kuwa ɗaya cikin takwas, shi ya sa za ka ga mutum ya daɗe a durƙushe yana sake fasalin tambayarsa.

Musulmin da bincike ko rakiyar abokin ciniki ya kai shi irin wannan wuri ba a tilasta masa komai. In aka miƙo turare ya gode ya ce shi mai kallo ne. Ya tsaya gefe, kada ya gitta tsakanin mai bauta da tebur, kada ya nuna allo ko gunki da yatsa, ya nemi izini kafin ɗaukar hoto. Abincin da ake rabawa bayan hadaya yanka ne na abin bauta, kuma alade ya yi yawa a girkin Hakka, har man girkin. Xinpu ta yi suna da busasshen wani ɗan itace dangin kanya, wannan dai ba laifi a saya a kasuwa.

Yankuna goma sha biyar

Ƙarfin haikalin na cikin tsarin karɓa-karɓarsa. Tun 1835 aka raba ɗaukar nauyin bikin shekara tsakanin rukunonin ƙauyuka 13, daga baya suka zama 14, a 1976 suka zama 15, sun ratsa yankunan Hsinchu da Taoyuan. Kowane rukuni sau ɗaya yake karɓa cikin shekara 15. Saboda haka gida yakan yi shekaru yana tanadi, kuma mutum in ya yi tsawon rai bai fi ya ga na yankinsu sau biyar ko shida ba. Rukunin da ke da karɓa shi ke ɗauko tuta ya kai yankinsa, gidajensa su yi ta kai abinci.

Ranar bikin 20 ga watan bakwai na kalandar gargajiyar Sin. A nan masu lissafi da kalandar Hijira ke zamewa. Watannin Sinawa ma da jinjirin wata suke tafiya, amma suna cusa wata na 13 duk bayan shekara biyu ko uku don kada su rabu da damina da rani. Don haka bikin ba ya zagaya shekara kamar azumi, kullum tsakanin Agusta da farkon Satumba yake faɗowa. Kada kuma a haɗa shi da babban bikin fatalwa na kowa da kowa, wanda ake yi ran 15 ga watan.

Kwana uku ake yi. Ran 18 ake kafa dogayen gorori da ganyensu a ka, a rataya fitilu, don kiran fatalwan tudu su zo cin abinci. Tsawon gora ba abin gasa ba ne: imaninsu shi ne iya tsawonta iya nisan da za a hango ta, in aka gayyato baƙin da abinci bai ishe su ba, ɓarna za su yi wa gari. A ranar ake tsayar da Dashiye, ƙaton mutum-mutumin takarda da gora mai ban tsoro, sarkin fatalwa, da ɗan siffar Guanyin a kansa, aikinsa tsare tsari kada baƙin su yi wawaso. Ran 19 ake sakin fitilu a kogi don kiran waɗanda ruwa ya ci. Ran 20 babbar hadaya, da dare a ƙone Dashiye, alamar sallama. Ka ga ke nan Yimin a wannan biki masu masauki ne, fatalwa ne baƙi, wata hujjar da Hakka ke kafawa.

Abin da ya fi jan 'yan kallo da 'yan jarida shi ne gasar aladu. Ana auna su da ma'aunin Taiwan mai giram 600, kuma na gaba-gaba sukan haura 1,000 na wannan ma'auni, wato fiye da kilo 600, wasu har sun wuce kilo 800, alhali aladen kasuwa bai cika wuce kilo 120 da wani abu ba. Shekara biyu ko fiye ake kiwonsa a ƙuntataccen wuri har ya kasa tashi. Zafi ne babban abokin gabarsa, ga shi bikin a tsakiyar bazararsu yake, sai an haɗa da fanka da yayyafin ruwa, in ba haka ba ya mutu kafin ranar awo, wahalar shekaru ta tafi a banza. Bayan yanka a cire nama da ƙashi, a shimfiɗa fatar a kan ƙarfe mai kumburi, a aske gashin da zane, a sa abarba a baki, a ɗora a motar da aka yi wa ado da fitilu. Naman a raba wa dangi da abokai. Akwai kuma gasar bunsuru, wadda tsawon ƙaho ake dubawa. Masu kare haƙƙin dabbobi a Taiwan sun daɗe suna yaƙi da gasar aladun, suna zargin ɗura da azabtarwa, kuma maganarsu na da ƙarfi: hadaya daban, gasar nauyi daban. Yanzu ana ganin siffar alade da aka haɗa da buhunan shinkafa ko taliya ko gwangwanaye, a raba wa mabuƙata bayan biki, ko da yake masu kiwon ba su daina ba.

Duk wannan da kuɗi ake yinsa. Tun farkon ƙarni na 19 manyan gidaje suka yi wa haikalin waƙafin gonaki, ana karɓar haya ana gudanar da shi. Da wannan dukiya aka kafa makarantar sakandaren Yimin a 1946, tana garin Zhubei na yankin Hsinchu har yanzu. Rassa ma sun bazu. Hanyar buɗe reshe ita ce a ɗebi toka daga babban kasko a kai sabon wuri tare da tuta, kamar yadda aka yi na Pingzhen a Taoyuan tun 1791, kuma rassan kan dawo gaisuwa uwar haikali.

Kowace gwamnati da ta mulki tsibirin ta yi ƙoƙarin jan waɗannan matattu gefenta. Qing ta kira su masu biyayya. Japan, wadda a yaƙin shigowarta haikalin ya ƙone, ta zo a ƙarshen shekarun 1930 tana rushe haikalan gargajiya don mai da mutane Japanawa, amma wannan ya tsira, har manyan jami'anta suka aiko da allunan yabon sadaukar da rai ga ƙasa, daidai lokacin da take neman sojoji. Bayan 1945 gwamnatin Kuomintang ta zo da littattafan da ke ɗaukar Lin Shuangwen gwarzon da ya yaƙi Manchu, lissafin da ya mai da Yimin 'yan koren mai mulki. Hakka na amsawa da cewa kakanninsu gonakinsu da iyalansu suka tsare, kuma allunan yabo huɗu da sarki ya raba sun nuna ba su kaɗai suka yaƙi tawayen ba, mutanen Quanzhou ma sun yi. A 1988, shekara 200 da kafuwar haikalin, Hakkan Taipei suka fara nasu bikin Yimin a babban birni, kuma ran 28 ga Disambar shekarar dubbai suka yi zanga-zangar neman a dawo musu da harshensu a rediyo da talabijin. An kafa hukumar harkokin Hakka a 2001, tashar talabijin ta harshensu a 2003, a 2015 kuma aka sa bikin Xinpu cikin muhimman al'adun ƙasa. Hakka kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na mutanen Taiwan, shi ya sa in zaɓe ya ƙarato 'yan takarar manyan jam'iyyu ba sa tsallake Fangliao.